Wai koci a Amurka yana son ƙanena, mu biya ejen ko mu dakata?

Malam ka ce ƙanenka shekararsa 20, ɗan tsakiya ne a ƙwallon ƙafa, ya gama sakandare shekara 2 da suka wuce, sai ga wani mutum a WhatsApp yana cewa kocin wata jami'a a Amurka ya ga bidiyon yaron ya yaba, za a bashi cikakkiyar sikolashif amma sai kun turo kuɗin aiki tukuna. Kana so ka san yadda ake ɗaukar 'yan wasa a can da kuma ko ku biya.

Kar ku biya tukuna. Ba ina cewa lallai mutumin ɗan damfara bane, akwai masu haɗa yara da makarantu kuma da gaskiya suke yi, amma abin da yake sayar muku ba a hannunsa yake ba, kai ko kocin ma ba a hannunsa shi kaɗai yake ba. A jami'ar Amurka koci zai iya son yaro sosai amma kafin yaron ya taka fili sai cibiyar tantancewa ta hukumar wasanni ta wanke shi, sai ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar ya karɓe shi a matsayin ɗalibi kamar kowa, sannan ofishin jakadanci ya buga masa biza. Koci bashi da iko akan ko ɗaya a cikinsu, iyakarsa ya roƙa. Na daɗe ina duba takardun yara irin wannan kuma yawancin waɗanda maganarsu ta lalace ba ƙwallo ce ta kayar dasu ba, takarda ce.

Da farko ka san wace hukuma makarantar take ƙarƙashinta domin dokokin sun sha bamban. Babbar ita ce NCAA, hedikwatarta na Indianapolis, makarantu wajen 1,100 ne a cikinta kuma tun 1973 aka raba su rukuni uku. Rukuni na ɗaya nan ne manyan da kake gani a talabijin, na biyu suma suna bada sikolashif amma kaɗan, na uku kuwa basa bada sikolashif ɗin wasa ko sisi, sai dai tallafin karatu ko na rashin hali. To in wani ya ce maka makarantar rukuni na uku zata ba yaronku sikolashif ɗin ƙwallo, magana ta ƙare anan. Bayan NCAA akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, akwai kuma NJCAA ta kwalejojin shekara biyu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, shekara 2 ɗin nan da ka ambata. A dokar da aka daɗe ana bi a rukuni na ɗaya, ɗan wasa kaka 4 yake da ita kuma dole ya cinye su cikin shekara 5 daga ranar da ya fara karatu cikakke a kowace babbar makaranta, ko a ina take a duniya. Kaga kenan in ƙanenka ya taɓa yin rijista a jami'a ko foli ko kwalejin ilimi anan gida ya shiga aji, agogon ya riga ya fara tafiya ko da bai taɓa buga musu wasa ba. In kuma bai shiga ko'ina ba akwai wata dokar ta jinkirin shiga makaranta: bayan gama sakandare ana ɗaga wa yaro ƙafa na shekara 1, ya buga duk abin da yake so, amma daga nan duk shekarar da ya buga gasa mai tsari ana iya cire masa kaka guda daga cikin huɗun, har ma a ce sai ya zauna shekara guda a makaranta kafin ya fara bugawa. Kuma wallahi ma'anar gasa mai tsari a wajensu tana da faɗi, ba sai gasannin lig na Najeriya irin NPFL ko NNL ko NLO ba, in dai ana rubuta sakamako, akwai alƙalin wasa, akwai jadawali, ana sa jesi iri ɗaya ko ana karɓar kuɗin shiga, to ana iya ƙirga ta. Kofin ciyaman ɗin ƙaramar hukuma da muke ɗauka wasa ne yana iya shiga lissafi. Don haka ku zauna da yaron ku rubuta duk ƙungiyar da ya buga wa tun yana sakandare, da wata da shekara, da ko ya sa hannu a kwantiragi, da duk kuɗin da aka taɓa bashi. Kuɗin mota da abinci da masauki ba matsala bane a dokarsu, albashin da ya wuce ainihin abin da ya kashe shi ne ke jawo bincike, haka ma yarjejeniya da ejen da zai tallata shi a matsayin ƙwararre. Dan Allah kar ya ɓoye komai a fom ɗin nan. Suna bincika intanet, suna tura wa kulob imel, kuma yaron da aka kama ya yi ƙarya hukuncinsa yafi na wanda ya faɗi gaskiya aka cire masa kaka ɗaya tsanani.

Sai takardun makaranta. Cibiyar tantancewa ta NCAA yaron da kansa zai buɗe shafi a wajensu, ya biya kuɗin rijista a shafin kai tsaye ba ta hannun kowa ba. Suna neman darussa na asali guda 16, Turanci da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa da makamantansu, da matsakaicin maki 2.3 a rukuni na ɗaya ko 2.2 a na biyu. Suna ƙirgawa daga shekara ta tara ta karatu, a lissafinmu JSS3 kenan har zuwa SS3, ba sakamakon WAEC ko NECO kaɗai ba har da rifot na kowace shekara. Nan ne ake shan wahala domin makarantu da yawa basa ajiye rikodi yadda ya kamata, yaro ya sauya makaranta sau biyu, waccan ta farko ma ta rufe. Ku fara nema tun yau. Tun Janairun 2023 NCAA ta daina tilasta jarabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT amma makarantar da kanta tana iya nema, haka jarabawar Turanci irin su TOEFL, musamman ga 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da suka yi karatu da Faransanci, su har fassarar takardu layi bayan layi ake buƙata.

Kuma maganar shekarun haihuwa, zan faɗa tunda kowa ya san ana yi a ƙwallonmu. In fasfo ya ce abu ɗaya, WAEC ta ce wani, katin ɗan ƙasa ya ce wani, ba sai an tuhume shi da komai ba, fayil ɗin kawai zai tsaya cak. Kar ku bari wani ya lallaɓe ku a yi sabon fasfo da rage shekaru, wannan zai bi yaron har ofishin jakadanci kuma yana iya rufe masa ƙofa har abada.

To mu koma kan kalmar nan da ta fi ruɗar iyaye, cikakkiyar sikolashif. Shekara da shekaru ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza a rukuni na ɗaya sikolashif 9.9 kacal aka yarda ta bayar, a rukuni na biyu 9, alhali 'yan wasan sun kusa 30. Sai koci ya riƙa rabawa kamar naman watanda, wannan rabi, wancan kashi ɗaya cikin huɗu, wani kuɗin littattafai kawai, wasu kuma suna cikin jerin amma ko kwabo basa samu iyayensu ke biyan komai. Cikakkiya takan je wa mutum ɗaya ko biyu da koci yake ganin zasu fara wasa tun ranar farko. A wancan tsarin ƙwallon Amurka mai kwalkwali ita ke da sikolashif 85, kwandon maza 13, domin su ke kawo kuɗin talabijin.

A ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da wasu 'yan wasa suka kai NCAA kan maganar biyansu kuɗi, kuma wannan ya juya tsarin gaba ɗaya. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, an yarda makaranta ta biya 'yan wasanta kai tsaye har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko, sannan ga makarantun da suka shiga sulhun an cire iyakar sikolashif an maye ta da iyakar yawan 'yan wasa. Ƙwallon Amurka 105, kwando 15, ƙwallon ƙafa 28 maza da mata, guje-guje da tsalle-tsalle 45. Ejen zai karanta maka wannan ya ce kaga yanzu duka 28 ɗin kyauta suke karatu. A'a. Doka ta bada dama ne bata tilasta ba, kuma kuɗin da makaranta zata raba mafi yawansa ƙwallon Amurka da kwandon maza yake tafiya. Ga kuma dokar Title IX ta 1972 da ta hana fifita maza akan mata a makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, in ka ƙara wa maza sikolashif sai ka duba ɓangaren mata, shi yasa ƙwallon ƙafar maza kullum take ƙarshen layi. Manyan ƙungiyoyin gasa biyu ma, SEC da Big 12, basa shirya gasar ƙwallon ƙafar maza kwata-kwata, jami'o'insu da ke da ƙungiya irin su Kentucky da West Virginia a wata gasar suke bugawa. In da ƙanwarka ce ke buga ƙwallo da na ce maka damarta ta fi tasa, tun a tsohon tsari mata 14 suke da ita.

Abin da iyakar 28 ɗin ta jawo a zahiri shi ne kujera ta yi tsada. Da koci zai iya ajiye yaro na 31 ko 32 ya ce bari mu gani ko zai girma, yanzu babu wannan sararin. Ka cire masu tsaron gida uku ko huɗu, ka cire waɗanda zasu dawo daga bara, abin da ya rage a shekara bai taka kara ya karya ba. Kuma kafin koci ya kalli bidiyon wani yaro daga Afirka sai ya fara leƙa fotal ɗin sauya sheƙa, wato shafin da 'yan wasan da ke son sauya makaranta suke sa sunansu, wanda aka buɗe a Oktoban 2018. Tun 2021 aka yarda ɗan wasa a kowane irin wasa ya sauya makaranta sau ɗaya ya ci gaba da bugawa nan take, a 2024 kuma aka cire iyakar in dai karatunsa na tafiya daidai. Ka sa kanka a matsayin kocin da za a kora in ya faɗi kaka biyu a jere: ga yaro a fotal da ya riga ya buga shekara 2 a Amurka, takardunsa a wanke, yana da biza, ya saba da sanyi da aji, ga kuma wani da sai an bi masa WAEC da ofishin jakadanci kuma ba tabbas ya iso kafin Agusta, alhali kakar tasu gajeriya ce daga Agusta zuwa Disamba an gama. Wa zaka ɗauka? Ba ina karya muku gwiwa bane, ina so ku gane dalilin da yasa takardu cikakku suke daidai da iya ƙwallo a idon koci.

Shi yasa in kocin gaske ne akwai alamu. Zai yi magana da yaron da kansa, da imel ɗin makaranta mai ƙarewa da edu, kuma sunansa da hotonsa suna nan a shafin wasanni na makarantar inda kowa zai gani. Zai nemi cikakken wasa na minti 90 ba yankakken bidiyo mai kiɗa ba, domin yana so ya ga abin da yaro ke yi lokacin da ƙwallo bata ƙafarsa. Da wuri zai tambayi lambar rijistar cibiyar tantancewa, sannan ya haɗa ku da ofishin bin ƙa'ida na sashen wasanni, waɗannan su ne mutanen da aikinsu kawai tabbatar da ba a karya dokar NCAA ba kuma ko kocin tsoronsu yake ji. Koci baya karɓar kuɗi daga ɗan wasa, makaranta bata sayar da gurbi a jerin 'yan wasa, ba a biyan kuɗin gwaji ta asusun wani mutum. Alkawarin baki kuma ba komai bane a dokarsu, koci zai iya janyewa gobe ko ya samu aiki a wata jami'a ya tafi. Tsohuwar takardar alkawari da aka daɗe ana sa wa hannu an soke ta a rukuni na ɗaya a Oktoban 2024, yanzu abin da ke ɗaure makaranta shi ne rubutacciyar yarjejeniyar tallafin kuɗi. Ita zaku nema, ku karanta adadin da dala ba da kashi ba, ku cire shi daga jimillar kuɗin shekara da makarantar ta wallafa, abin da ya rage shi ne naku. Wannan ragowar dole ku nuna kuna da ita a banki kafin a baku fom ɗin I-20 da ake neman bizar ɗalibi ta F-1 da shi. Ku ƙara dala 350 na SEVIS, wato rijistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 185 na neman biza, tikitin jirgi, inshorar lafiya in bata ciki, da harajin kashi 14 cikin 100 da ake cira daga ɓangaren masauki da abinci na sikolashif ɗin ɗaliban waje. Iyalai da yawa wannan harajin sai sun isa suke jin labarinsa.

In Allah yasa ya tafi, ku sani yawancin sikolashif ta shekara ɗaya ce ana sabuntawa. Dole makaranta ta sanar da yaro a rubuce kafin 1 ga Yuli ko zata sabunta ko zata rage, kuma yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara a gaban kwamitin da ba na sashen wasanni ba. Ku tambaya tun yanzu me zai faru in ya ji rauni ko in an sauya koci, a rubuta. Dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 kowane zango, in ya sauka ƙasa da haka ya fita daga wasa kuma bizarsa ma ta shiga haɗari, sannan ana so ya cinye kashi 40 na digirinsa kafin shiga shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. A takarda atisaye awa 20 ne a mako lokacin kaka, amma tafiye-tafiye da jinya basa cikin lissafin. In ransa ya ɓaci ya sa sunansa a fotal, makaranta na iya yanke tallafinsa a ƙarshen wannan zangon ko da bai samu wata ba, kuma ɗan waje da ba makaranta bashi da zama. Ku kuma tambayi kocin maganar sallar Juma'a da azumi da abincin halal ba tare da jin kunya ba, yadda ya amsa zai nuna muku irin mutumin da zaku damƙa wa yaro.

Maganar NIL da ake ta yayatawa, wato tun 1 ga Yulin 2021 ɗan wasa na iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa, kar ku sa ta a lissafi. Bizar F-1 ta taƙaita aikin da ɗalibi zai yi a cikin Amurka, aikin cikin makaranta na awa 20 a mako shi ne a sarari, talla da makamantansu sai da shawarar ofishin ɗaliban waje da lauya. Kar yaro ya ga abokinsa Ba'amurke na karɓa shima ya miƙa hannu.

Hanyar tana nan, mutane sun bi ta. Abu Danladi daga Ghana ya bi ta makarantar Right to Dream, ya yi sakandare a Kalifoniya, ya buga wa jami'ar UCLA, aka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasa na 2017 na MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka. Tobi Amusan daga jami'ar UTEP da ke El Paso ta fito kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. Masai Ujiri da ya tashi a Zariya kwalejin shekara biyu ta Bismarck a Dakota ta Arewa ya je ya buga kwando, bai zama tauraron NBA ba amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofi a 2019. Ka lura Danladi tun yana sakandare aka fara gyara masa takardu. Ga yaro mai shekara 20 da ya riga ya wuce shekarar ɗaga ƙafa, ni a ganina kwalejin shekara biyu ko NAIA ko rukuni na biyu sun fi kusa da gaskiya akan babbar jami'ar da ake ta kwaɗaita muku. Kuɗinsu yafi sauƙi, sharuɗɗan shiga kwalejin shekara biyu sun fi sassauci, kuma kocin manyan makarantu suna zuwa can farauta domin yaron ya riga ya nuna zai iya aji da fili tare. NCAA da kanta tana cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasanta ne ke zama ƙwararru, don haka ku zaɓi makarantar da digirinta zai amfane shi ko da gwiwa ta ƙi.

Biza kuma yanzu ita ce babbar ƙofa. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga ciki har da Chadi da Sudan, a Disamban 2025 aka faɗaɗa jerin ya haɗa da Nijar, aka kuma taƙaita wa 'yan Najeriya wasu nau'ukan biza har da ta ɗalibai. Waɗannan umarnin suna sauyawa, don haka kafin ku kashe ko naira ɗaya ku duba shafin ofishin jakadancin Amurka ku ga matsayin ƙasarku a ranar, ku kuma tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantar a rubuce. Duk ejen da ya ce yana da hanyar da zai bi ta bayan wannan, ku rabu da shi.

Shi mutumin naku na WhatsApp, ku ce ya baku sunan makarantar da cikakken sunan kocin. Kar ku yi amfani da lamba ko imel ɗin da zai turo, ku shiga shafin wasanni na makarantar da kanku ku ɗauko imel ɗin kocin da na ofishin bin ƙa'ida, yaron ya rubuta musu da kansa gajeren saƙo, sunansa, shekarar da ya gama sakandare, ƙungiyoyin da ya buga wa, mahaɗin cikakken wasa ɗaya, ya tambaya kai tsaye ko suna da gurbi a matsayinsa a kakar da ke tafe da kuma nawa ne tallafin. In mutumin ya ƙi faɗin sunan makarantar sai an biya, kar ku tura masa komai, fasfo ɗin yaron ma kar ya bar hannunku.